Lauyan Cikin Littafi da Shari'ar Yayana

Lokacin da aka tsare yayana ina koyarwa ne a wata makarantar firamare a Argungu. Ban daɗe da fita kwalejin horar da malamai ba, kuma ina zaune gidan goggona, ƙanwar mahaifinmu marigayi. Gidanmu kuwa yana Birnin Kebbi, wajen Badariya, tun unguwar tana da fegi-fegi na gero tsakanin gida da gida. Zamanin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, duk wata takarda mai nauyi sai ta je can ta dawo kafin a yi aiki da ita.

Yaya direba ne. A-kori-kurar wani ɗan kasuwa yake ja, yana kwasar albasa da shinkafa daga ƙauyuka zuwa kasuwanni. Wata rana da la'asar, cikin kakar shinkafa, yana dawowa daga Argungu, dab da Ambursa sai wani magidanci ya fito daga hanyar fadama a kan keke, ya ɗauro dammunan shinkafa a baya, ya hau kwalta. Motar ta buge shi. Yaya da hannunsa ya ɗauke shi ya kwantar a bayan mota bisa buhuna, ya nufi asibiti, amma kafin su isa rai ya yi halinsa. Daga asibitin bai biyo ta gida ba. Ofishin 'yan sanda ya wuce, ya ajiye makullin mota a kan tebur ya faɗi abin da ya faru.

Ranar da aka fara kai shi gaban majistare, kawunmu, wan Inna, ya nemi beli. Aka ce tun da akwai rai a ciki, sai an aika da bayanin Sakkwato an ji shawarar da za ta dawo. Aka wuce da Yaya gidan yari. Muka ɗauka maganar mako ɗaya ce ko biyu.

Daga nan rayuwata ta koma kan hanya. Kowace Juma'a da an tashi makaranta sai in nufi tasha in shiga motar Birnin Kebbi. Asabar in ɗauki kwanon abincin da Inna ta dafa in kai wa Yaya, Lahadi in koma Argungu. Hanya ɗaya ce, ba ta da wata, kuma ta Ambursa take bi. Duk sanda muka doshi wurin sai in rasa inda zan sa idona. In na duba waje in ga mai keke, in na duba ciki in ga ƙafar direba a kan totur.

A makaranta ma ban zaunu ba. Sai in rubuta lissafi a allo, in juyo, in tarar yara sun zuba mini ido don na bar shi rabi. A gida in wanke tufafin da ba su yi datti ba, in share tsakar gidan da aka riga aka share. Goggo takan dube ni ta ce, "Ɗiyar ga, zamna ki huta mana. Kai da kawon ga naki ba shi ka hiddo shi ba." Sai in zauna, kafin ta gama juya tuwo na sake miƙewa.

Akwai wata 'yar bautar ƙasa da aka turo mana daga kudu, tana koyar da Turanci a manyan azuzuwa. Mace ce mai fara'a, ga son karatu, jakarta ba ta rabuwa da littafi. Ta ji labarin abin da ya same mu. Wata rana a lokacin tara ta same ni ƙarƙashin dogon yaro ina tsinkar ganye ina zubarwa, ta miƙo mini wani littafi mai kauri na Turanci, takardunsa har sun yi ja don tsufa. A bangonsa an zana wani mutum cikin kwat yana hawa matakalar kotu.

Ta ce, "Karanta wannan, zai ɗauke miki hankali. Lauyan da ke ciki wuta ne. Ni da na fara shi ko abinci mantawa na yi."

Da zuciya ɗaya ta ba ni, na sani. Ni kuma ba don ya ɗauke mini hankali na karɓa ba. Na karɓa ne kamar yadda ake zuwa wajen malami neman fatawa. Ban taɓa shiga kotu ba sai a kan maganar Yaya, ban san yadda ake fita daga cikinta ba, ga kuma littafi guda a kan mutumin da sana'arsa ke nan, fid da mutane.

Labarin wani mai gadi ne a wani babban birni na Turawa, da aka ce shi ya cinna wa siton da yake gadi wuta, har wani lebura ya ƙone a ciki. Kowa ya yarda shi ne. Sai wani matashin lauya ya ɗauki shari'ar. Farkon littafin ya kama ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Lauyan nan ba ya zama, kamar ni. Yau yana wurin da gobarar ta tashi yana tonon toka da sanda, gobe yana ƙwanƙwasa ƙofar wata tsohuwa da ta ga wani abu ta taga. Ana bin sa da mota, ana yi masa barazana, bai fasa ba. Ina karantawa a mota, ina karantawa tsakanin darasi da darasi, ƙamus a cinyata don kalmomin shari'a da ban sani ba. Duk dabarar da ya yi sai in tsaya in ce, to mu a namu wa zai yi wannan?

Mu ma muna da lauya. Kawu ya samo shi, daga Sakkwato yake zuwa ranar zaman kotu. Dattijo ne mai sanyin murya, kullum da tulin fayil a hammata, don ba shari'armu kaɗai ke kawo shi ba. A zama na gaba, bayan an kira sunan Yaya an ce takarda ba ta dawo ba an ɗaga, na tare shi a baranda.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba za a je wurin a duba ba? A auna inda ya taka birki, a nemo waɗanda suka gani da idonsu?"

Ya dube ni ba tare da fushi ba. Ya ce, "Malama, za a yi abin da ya kamata in lokacinsa ya zo. Yanzu ko tuhumar da za a yi masa ba a tsayar ba. In takarda ba ta dawo ba, ni da ke duka 'yan kallo ne."

Kawu ya ja ni gefe ya ce, "Ke, ba a yi ma lauya hakanga. Ki bari shi yi aikinai."

Raina dai bai kwanta ba. Juma'ar da ta biyo, da muka iso dab da Ambursa, na buga jikin mota na ce a sauke ni. Direban ya waiwayo ya ce ai kuɗin Birni na biya. Na ce na sani.

Na tsaya bakin kwalta da jakata, motar ta tafi ta bar ni. Ga hanyar fadamar nan ta gangaro ta haɗu da titi, kamar yadda Yaya ya kwatanta. Na yi ta kai da kawo ina duban ƙasa. Ban san ma abin da nake nema ba. Lauyan cikin littafi a irin wannan wuri ya tsinci wani maɓalli da ya juya shari'a. Ni ban ga komai ba sai ƙaiƙayi da kashin awaki da sawun jakuna. Watanni sun wuce, dubban tayoyi sun bi ta kai.

Can gefe akwai wasu mata biyu a inuwar tsamiya suna sheƙar shinkafa. Sun daɗe suna kallona. Babbar cikinsu ta ɗaga murya ta ce, "Baƙuwa, wani abu ya ɓace miki?"

Na matsa na gaishe su, na roƙi ruwa. Da na sha sai na ce na ji an yi haɗari a nan kwanakin baya.

Babbar ta ce, "Nan ɗin ga na. Ga gidansu can, mai rumbu biyu. Ya bar mata da ɗiya ƙanana. Direbobin ga ba su da imani, wanda ya buge shi gudu shikai awa iska."

Ƙaramar ta ce, "A'a, Iya, ki hwaɗi gaskiya. Ni ina nan. Marigayin bai duba ba, dammuna sun rufe mai gefe. Kuma direban ya tsaya, ya ɗauke shi, yana kuka."

"Kina nan ina? Ke da kina cikin gida!"

"Na hito da anka yi ƙara."

"To da anka yi ƙara kin ga gudu ko ba ki gani ba?"

Suka ci gaba da gardama suna sheƙa, kamar sun manta da ni. Na dubi gidan mai rumbu biyu. Wata yarinya tana tsaye a ƙofa da ƙaninta a goye. Babbar ta juyo ta tambaye ni, ni 'yar ina ce. Na ce malamar makaranta ce daga Argungu. Iyakar abin da bakina ya iya faɗa ke nan. Na koma bakin titi na yi ta jiran mota, duk wadda ta zo a cike, har rana ta yi sanyi kafin wata motar itace ta rage mini hanya.

Washegari na kai wa Yaya abinci. Ana ba mu ɗan lokaci mu yi magana ta tsakanin ƙarafa, ganduroba na tsaye kusa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya tambayi Inna, ya tambayi ko an yi wa ɗakinta yaɓe kafin ruwa ya sauka. Na amsa. Sannan na yi tambayar da ban taɓa yi masa ba.

Na ce, "Yaya, don Allah, gudu kake yi?"

Ya daɗe yana duban kwanon da ke hannunsa. Ya ce, "Kullum ita nika tambayar kaina. Wani lokaci in ga kamar a hankali nike tahiya. Wani lokaci in tuna ina son in kai Birni kahin magariba. Na dai san na taka birki. Wallahi ban sani ba, ƙanwata."

Na dawo gida da wannan amsar, ban gaya wa Inna ba. Na ƙara riƙe littafin. Saura babi kaɗan, na ƙi karanta su, na ajiye su kamar yadda ake ajiye tsokar nama sai ƙarshen tuwo. A raina na ce mutumin da ya rubuta wannan ya san kotu ciki da bai. Lalle a ƙarshe zai nuna mini yadda ake yanke hukunci in shaidu sun saɓa, in shi kansa wanda ake tuhuma ba shi da abin da zai kare kansa da shi.

Ranar wani zaman kotun na ƙarasa shi. Mun zo tun da hantsi, aka ce majistare bai iso ba. Inna tana zaune kan tabarma a gindin bishiya da carbinta, Kawu yana hira da wasu masu jiran tasu shari'ar, ni kuma ina kan benci na buɗe littafin.

Ga yadda ya ƙare. Ana tsakiyar shari'a, lauya ya tsare matar mai siton da tambayoyi, sai kawai ta fashe da kuka ta miƙe ta ce ita ta sa wutar, don ta huce haushin mijinta. Kotu ta ruɗe, alƙali yana buga tebur. Mai gadin da na bi shafi bayan shafi ina jin tsoro dominsa, a layi biyu aka sallame shi: ya yi wa lauya godiya, ya fita. Babin ƙarshe gaba ɗaya lauyan ne da budurwarsa a bakin teku, suna shawarar inda za su ci abincin rana.

Na juya shafin baya ko akwai saura. Babu, sai tallan wasu littattafai. Na koma na sake karanta layi biyun nan. Na miƙe na zagaya bayan kotu na dawo, na sake zagayawa. Inna ta ce, "Lahiya?" Na ce ƙafata ce ta yi tsami. Da azahar ta gabato magatakarda ya fito ya ce majistare ya wuce taro, an ɗaga duk shari'un ranar. Ko fito da Yaya daga motar gidan yari ba a yi ba. Hannunsa kawai muka gani ta 'yar tagar.

Ranar Litinin na mayar wa mai littafi abinta. Ta tare ni da murna ta ce, "Kin ga ƙarshen? Kin taɓa zaton matar ce?"

Na ce, "Mai gadin nan ba shi da uwa?"

Ta ce, "Wace uwa?"

"Watanni yana tsare. Wa yake kai masa abinci? Wa yake zama a gindin bishiya yana jira? Ba a ɗaga shari'ar ko sau ɗaya ba, kullum alƙali yana nan. Shi kuma leburan da ya ƙone, ko a ce ga matarsa, ga 'ya'yansa. An ƙone shi ne kawai don lauya ya sami aikin yi. Sannan da abu ya yi wuya sai aka kawo wata ta ce ni ce. In babu mai cewa ni ce fa? In wanda ke tsare shi ne ya yi, kuma mutumin kirki ne, kuma shi kansa bai san ko da laifinsa ba?"

Ban san muryata ta tashi ba sai da na ga yara sun leƙo ta taga. Ta riƙe littafin a ƙirji ta ce a hankali, "Labari ne kawai, 'yar'uwa. Don nishaɗi aka rubuta shi."

Gaskiyarta. Marubucin bai san da ni ba, bai yi mini alkawarin komai ba. Amma ko yanzu da na tsufa, na karanta littattafai masu yawa, ban sauka daga ra'ayina ba: mutum ya tara maka hankali a kan wani bawan Allah da ke cikin ƙunci, sannan ya yar da shi a layi biyu, bai kyauta ba.

Ba mu ɓata da ita ba. Juma'ar nan ma sai ga ta a tasha da 'yar jakarta, ta ce za ta bi ni. Ta kwana gidanmu, da safe ta ɗauki kwano ɗaya na ɗauki ɗaya. Ba a bar ta ta shiga ba, ta tsaya a rana bakin ƙofa har na fito. Muka dawo gida tare.

Damina ta sauka, fadama ta cika, aka yi shuka aka yi dashe, takarda shiru. A tsakanin nan Kawu da Inna sun je Ambursa sau da dama. Tun farko sun je ta'aziyya, daga baya suka riƙa zuwa gaisuwa kawai. Mahaifin marigayin tsoho ne manomi, ba ya yawan magana. Inna ta ce kullum sai ya sa an shimfiɗa musu tabarma an kawo fura, amma bai taɓa ɗauko zancen shari'a ba, su ma ba su ɗauko ba. Ni ban taɓa bin su ba, ina tsoron matan nan na gindin tsamiya su gane ni.

Sai da shinkafa ta fara nuna sannan takarda ta dawo. Tuhumar da aka tsayar ita ce tuƙi ba tare da kula ba. Aka sa rana. Da muka zo sai ga tsohon nan zaune a benci na baya, da sandarsa da farar riga wadda ta sha wanki. Ba wanda ya kira shi, da kansa ya hau mota ya zo.

Ba a yi wata gardama ba. Aka karanta tuhuma, lauyanmu ya yi magana da Yaya ƙasa-ƙasa, Yaya ya ce ya amsa. Lauyan ya miƙe ya yi bayani gajere, ya ce wanda ake tuhuma bai gudu ba, shi ya ɗauki marigayin, shi ya kai kansa, kuma ya daɗe a tsare. Sannan ya ce mahaifin marigayin yana nan yana son a ji shi. Tsohon ya tashi da ƙyar.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ban san dokarku ba. Ɗana kwanansa ya ƙare. Yaron ga kuwa uwarsa ta zo gidana har na san tahiyarta tun daga nesa. Ni na yahe, uwar ɗiyan ma ta yahe. Abin da ya rage naku na."

Majistare ya yi rubutu mai tsawo. Ya ce kotu ta ji, amma doka ba ta barin rai ya tafi a ce ba a yi komai ba. Ya sami Yaya da laifi, ya ce zaman da ya riga ya yi ya isa hukunci, ya kuma karɓe lasisinsa na wani lokaci. Shi ke nan. Aka kira shari'a ta gaba, ta wasu masu rigimar jaki. Yaya bai sake neman lasisin ba har ya bar duniya. Noman albasa ya koma tare da Kawu a fadamar Zauro.

Da aka gama sa hannu muka fito, Inna ta riƙe hannun rigarsa ta ƙi saki. Tsohon yana tsaye a baranda, ashe mu yake jira. Yaya ya durƙusa har ƙasa a gabansa. Tsohon ya ce ya tashi, ya ƙi.

Ya ce, "Yaro, abu guda nika son in tambaye ka. Kai kaɗai ad da shi a mota. Ya yi magana?"

Yaya ya ce, "Ya yi, Baba. Da nike ɗaukar shi salati shikai. Da na kwantar da shi kuma ya tambayi kekenai, ya ce kar a bar shi bakin hanya."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Aro na yay yo shi. Na maƙwabcinmu na." Sannan ya ce, "To, madalla. Allah shi kyauta gaba."

Kawu ya ce zai raka shi tasha, ya ce a'a, ya san hanya. Muka tsaya muna kallonsa yana dogara sanda har ya sha kwana. Sannan muka kama hanyar gida a ƙasa, Yaya a tsakiya, yana tafiya yana ɗan tsayawa, don ƙafafunsa sun manta doguwar tafiya.